Injin Aro da Makullin Inna

Akwai tambayar da na gaji da amsawa tsakanin Bodinga da Shagari. In na tsaya sayen tsire, in na je ɗaurin aure, ko a ƙofar masallaci ana laluben takalma, sai wani ya dafa kafaɗata ya ce wai yaushe darar nan tawa za ta dawo gidan gem. Da can nakan tsaya in yi ta bayani har miyau ya ƙafe a bakina. Yanzu sai in ce tana nan tafe, in zura takalmina in yi gaba. To, tunda na zauna rubutu, bari in faɗe shi sau ɗaya, kowa ya huta, ni ma in huta.

Abin da na karanta ke nan a Sakkwato, haɗa manhajar kwamfuta. Da na gama na dawo gida Bodinga na kama ɗan shago kusa da tasha, ina gyara wa mutane waya da kwamfuta. In aiki ya yi sauƙi sai in koma kan abin da ya shiga raina tun ina ƙarami, wato dara. Kawuna na Horo Birni, ƙanen Inna, shi ya koya mini. Mutum ne da in ya zauna gaban gurabun dara bakinsa ya fi hannunsa ɓarna. Kafin ya jera uku ya cinye maka ɗa, ya riga ya gama da kai da magana. Ya ce hannunka na tuƙin tuwo ne, ya tambaye ka ko barci kake yi, ya ce ka tashi ka ba maza wuri. 'Yan kallo su yi ta dariya, kai kuwa kana zufa kana neman inda za ka ajiye tsinkenka.

Wannan na ce sai na mayar gem. Na zana ƙasa mai rairayi da gurabu, gefe ɗaya tsinkaye, gefe ɗaya duwatsu, mutum biyu su kara. Na ɗauki waya na je Horo Birni na yi ta naɗar muryar Kawu yana yi wa abokan wasansa tsiya, na zuba a ciki. In ka yi kuskure sai muryar ta fito ta wanke ka tas. In ka daɗe kana tunani ta tambaye ka ko a kawo maka tabarma.

Abokaina sun ce in sa a waya kawai in huta. Na ƙi. Dara ba ta kaɗaici ba ce. In babu masu kallo a tsaye a kanka suna kai-kai, suna nuna maka gurbin da ka ƙi gani, ba dara kake yi ba. A wurinmu kuwa inda samari ke taruwa haka shi ne gidan gem: benci biyu, babbar talabijin, injin gem a ƙasanta, da hannaye biyu da ake riƙewa ana dannawa. Wana, babban ɗan Inna, wanda muke kira Yaya, yana da irin wannan shago a Shagari, bakin hanya. Duk lokacin da na je, abin da ake bugawa bai wuce ƙwallo da tseren mota da dambe ba, kuma duk na kamfanin da ya ƙera injin ne ko na manyan abokan cinikinsa. Ni burina in shiga shagon nan wata rana in tarar da dara a kan talabijin ɗin.

Ashe ban san inda na sa kaina ba.

Shi injin gem ba kamar kwamfuta ba ne da za ka haɗa abinka ka zuba. Mai shi ya rufe shi ruf, ba abin da zai shiga sai da hatiminsa. Kuma shi ma yana da nasa wasannin da yake sayarwa. Ka ɗauka kasuwar albasa ce, sarkin kasuwa shi ma yana da albasa, ya baje tasa a bakin ƙofa inda kowa ke wucewa, kai baƙo ya nuna maka can bayan turken jakuna. Masu sayen injin ma don wasannin mai gida suka saye shi. In sun gama da ɗaya, kafin su waiwayo ya fito da wani. Masu haɗa masa wasa a cikin gida sun san cikin injin tun ba a fitar da shi kasuwa ba, in abu ya cije musu sai su leƙa ofishin da ke kusa su tambayi wanda ya ƙera. Ni in na aika tambaya, sai na manta da ita kafin amsa ta iso, kuma amsar sau da yawa ita ce in sake duba littafin bayani.

Kafin ma a kai nan, sai sun yarda kai mutum ne. Suka ce sai ina da kamfani mai rajista, na yi. Suka ce sai ina da layin intanet na dindindin, a garin da sabis ke ɗaukewa in hadari ya taso. Na haɗa abin da zan iya haɗawa, na aika, shiru. Na sake aikawa, shiru. Daga ƙarshe sai ta hannun wani ƙaramin kamfani a Legas, masu shigar da ƙananan masu haɗa gem irina, na samu aka saurare ni. Wata mata ce a can ke riƙe da al'amarina. Mace mai kirki da saurin magana, ta ga darar ta ce tana so, ko da yake ba ta jin ko kalma ɗaya ta abin da Kawu ke faɗa.

Ita ta samo mini injin gwaji. Wannan wani inji ne na musamman da kamfani ke ba masu haɗa wasa aro, shi kaɗai ke karɓar wasan da ba a gama ba. Ba a sayar da shi, ba shi da kamannin na kasuwa, wani baƙin akwati ne mai nauyi da lamba manne a goshinsa. In babu shi, wasanka ba zai taɓa hawa injin kamfanin ba, ko da ka fi kowa iyawa. Sharuɗɗansa kuwa ta nanata mini su har na haddace. Ba ya barin ɗakin da aka rubuta. Ɗakin a kulle yake in ba na nan. Ba mai taɓa shi sai ni. Ba a ɗaukar hotonsa. In aka saɓa ko ɗaya, za a karɓe, kuma ba a ba mutum sau biyu.

Ɗakina na kusa da zaure, ƙofarsa ta langa-langa ce da ƙusa ke riƙe da ita. Sai da na kira mai walda ya sa ta ƙarfe, na sayo kwaɗo. Matar Legas ta kira ni ta bidiyo ta ce in zagaya da wayar. Na nuna mata ƙofa, na nuna mata taga, na rufe kwaɗon na buɗe a gabanta kamar mai tallarsa. Duk wannan a kan idon unguwa. Kafin la'asar labari ya zaga cewa na kawo zinariya, wasu suka ce a'a, aikin asiri nake yi wa gwamnati. Wata gwaggonmu ta aiko a tambaye ni wa ya taɓa yi mini sata a gidan ubana da har zan sa ƙofar kurkuku.

Inna kuwa ta ɗaure fuska. A gidanmu ba a kulle ɗaki. Tsani, garma, babur, tukunyar biki, duk abin da ɗaya ya mallaka na kowa ne, wanda ya buƙata ya ɗauka, in ya gama ya mayar, in bai mayar ba a je a karɓo. Na zauna na yi mata bayani cewa abin ba nawa ba ne, amana ce aka ba ni. Da ta ji kalmar amana sai ta sauko, ta ce Allah ya ba ni ikon riƙewa. Yaya kuwa da ya zo, na buɗe ƙofa kaɗan na nuna masa daga nesa, na gaya masa sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce shi da ya shekara yana kwance injin gem yana hure masa ƙura, yau shi ake nuna wa daga bakin ƙofa. Ya ce inji dai inji ne, masu shi ne ke da son girma. Na ce ko ma mene ne, kada ya taɓa. Ya ce ya ji.

Daga nan wahala ta fara da gaske. Duk wasan da zai shiga sai sun gwada shi sun ce ya yi. Na aika na farko, suka dawo da shi wai hoton maɓallin da na zana bai yi daidai da nasu ba, launin ya ɗan yi duhu. Na gyara. Suka dawo da shi wai in batirin hannu ya mutu ana cikin wasa, saƙon da ke fitowa ba da kalmominsu na rubuta shi ba. Na gyara. Sai ga matsalar harshe: a jerin harsunan da injin ya sani babu Hausa, duk harafi mai lanƙwasa sai ya fito ɗan akwati, na koma na zana haruffan da hannuna. Ana nan sai masu tantance shekarun 'yan wasa suka ce in fassara musu duk abin da tsohon nan ke faɗa, su ga ko akwai zagi. Jama'a, na zauna da girmana ina yi wa wasu mutane a wata ƙasa bayanin cewa hannun tuƙin tuwo ba ashar ba ne. Suka tambaya mene ne tuwo. Wallahi ranar na rufe kwamfutar na fita na zagaya gari don kada in fasa wani abu.

Ga wuta da ke zuwa in ta ga dama. Ga zafin Sakkwato da ke sa injin ya riƙa huci, sai na ba shi fanka ni in zauna ina ɗiga. Da na kusa gamawa suka tsayar mini da lokacin fitarwa, sai kuma suka ɗaga, wai babban wasan kamfanin zai fito a watan, duk wanda ya fito tare da shi ba mai ganinsa. Matar Legas ta ce alheri suka yi mini. Na ce na gode, amma a raina na ce wane irin alheri ne a ce ka koma gefe mai gida zai wuce.

Duk da haka na jure. Ana gab da babbar Sallah ta kira ni ta ce saura gyara ɗaya, ƙarami, in na aika bayan hutu sai hatimi. Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Na ce bari in je Horo Birni yawon Sallah, in gaya wa Kawu muryarsa ta kusa shiga duniya, in kwana can in dawo.

Da safe bayan an sauko daga idi an yi yanka, na kulle ɗaki na kai wa Inna makulli. Kada wani ya ce mini me ya sa. Duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san ba a tafiya da makulli a aljihu a bar uwa a gida. In ka yi haka ka ce mata ɓarauniya ce, ko tana ajiye da ɓarayi. Ta karɓa ta sa a cikin kwallar da take adana 'yan kayanta, ta rufe. Na sake tuna mata amana ce. Ta ce ita ba yarinya ba ce.

Na sha Sallah lafiya a ƙauye. Kawu ya lallasa ni a dara sau ba adadi, ya ce wai ni ne zan koya wa duniya wasan da ban iya ba. Washegari da hantsi na yi masa sallama, na bar shi zaune a gindin bishiyarsa yana gyara gurabu, na hau babur. Tunda hanya ta biyo ta Shagari, na ce bari in tsaya in yi wa Yaya barka da Sallah.

Tun daga nesa na ga cincirindo a ƙofar shagon, har kan titi. Ban yi mamaki ba, ranakun Sallah su ne kakar masu gidan gem. Na kashe babur ina neman inda zan jingine shi, sai na ji wata murya daga cikin shago, da ƙarfi, ta lasifika:

"Kai, barci kaka yi? A kawo maka tabarma?"

Aka kwashe da dariya har da tafi. Ni kuwa na tsaya riƙe da babur kamar an dasa ni. Mutumin da na baro yanzu-yanzu a Horo Birni, ga muryarsa a Shagari ta riga ni isowa. Wuri ɗaya ne a duniya muryar nan take a haɗe da lasifika, kuma na bar shi a kulle a Bodinga.

Na kutsa ciki ina ture mutane. Ga shi nan a ƙasa, kan wani kwalin lemo, baƙin akwatin da ko Inna ban bari ta share masa ƙura ba, wani ya ɗora ledar ruwa a kansa. Ga darata a kan babbar talabijin. Samari biyu a kan benci sun riƙe hannaye, ɗaya tsinke ɗaya dutse, bayansu mutane a tsaitsaye har bango, ana ihu ana nuna gurbi. Har da wasu dattawa biyu da ban taɓa ganin irinsu a gidan gem ba, sun leƙo ta taga suna gyara wa yaran wasa. Ɗayan injin na ƙwallo yana gefe a kunne, ba kowa a gabansa.

Ba zan ɓoye ba, na yi ɗan jim ina kallo. Abin da na yi shekaru ina gani a raina ke nan, ba ragi. Ƙirjina ya cika, na ji kamar in ce kowa ya juyo ya ga wanda ya haɗa. Sai idona ya sauka kan hannayen da ke sama. Wayoyi. Ko'ina wayoyi, ana ɗauka, wani ma ya durƙusa yana haska akwatin kansa, lambar goshinsa tar.

Na yi tsawa na ce kowa ya sauke waya, a goge. Suka dube ni kamar na zare. Wani ya ce ai tun jiya ake ɗorawa, nasa ma har an yi ta turawa gaba. Na fizge wayar wuta, talabijin ta yi baƙi, shago ya ɗauki ƙorafi.

Yaya ya fito daga bayan kanta da farar shaddarsa ta Sallah, ko a jikinsa. Kafin in buɗe baki ma shi ya fara kawo ƙara. Ya ce daren jajibiri janareto ya ƙona masa inji ɗaya, ga Sallah, ga yara sun cika gari, ina zai samu wani? Da ya je gaida Inna sai ya tuna akwai wani a ajiye ba ya aikin komai. Ya ɗauko, ya zo ya zura masa faifan ƙwallo, ya tofo. Ya zura na mota, ya tofo. Ya ce da har zai mayar, sai wani yaro ya danna ya ga dara, shi ke nan aka ƙi tashi.

"Injin ga naka ko ƙwallo ba shi da," in ji shi. "Na aza abin kirki na."

Na ce masa ya san abin da ya yi kuwa? Na tuna masa ranar da na tsaya da shi a bakin ƙofa na lissafa masa sharuɗɗa. Na ce aikin shekaru ya ɗauko ya ɗora a kan kwalin lemo. Mutane na kallo, ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba tun da aka haife ni. Fuskarsa ta canja. Ya matso ya yi magana a hankali yadda ni kaɗai zan ji.

"Kayan ƙanena, cikin gidan ubana, sai na nemi izinin wani ƙato da ban taɓa gani ba? Babur ɗin da kaka bisa, wa yab ba ka shi?"

Babur ɗin nasa ne. Ya ba ni tun ina makaranta, bai taɓa tambayar yaushe zan mayar ba. Na ƙyale shi, ba don ya yi daidai ba, sai don na san ko na kwana ina bayani ba zai ga laifinsa ba. Na naɗe akwatin a cikin rigata ta Sallah na ɗaure a bayan babur na kama hanyar Bodinga, ina tafe ina magana ni kaɗai har Lambara.

A gida na tarar da Inna tana soya nama. Na tambaye ta yaya aka yi. Shi Yaya ɗan fari ne, kuma Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, in ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon wani wuri. Duk abin da za ta gaya masa sai ta bi ta bakin wani. Ranar da ya zo kuwa ba kowa a gidan, duk an fita rabon nama. Ta ce ya tsaya daga bakin ƙofa ya nemi makulli, ta ce wa bango abin amana ne. Ya ce zai mayar kafin in dawo. To daga nan sai jayayya, ita kuma ba ta taɓa jayayya da wancan ba, ba kuma za ta fara da tsufanta ba. Sai ta tashi ta shiga madafa ta bar kwallar a inda take.

"Ni ban ba shi ba," ta ce, tana juya nama. "Ban kuma hana shi ba."

Na shiga ɗaki na mayar da injin mazauninsa, na goge shi, na kulle, kamar hakan zai gyara wani abu. Na yi ta addu'a Allah ya sa bidiyon ya tsaya iya Shagari. Ina! Duk wanda na sani sai da ya turo mini shi, har abokan makaranta da ke Kaduna da Abuja, suna tambaya ko na ga wannan tsoho mai ban dariya. Abin da na yi ta nema, a san da darata, ya samu a kwana biyu, kuma kowane turawa ƙara tona mini rami yake yi.

Da aka koma aiki matar Legas ta kira. Da dariya ta fara. Ta ce duk ofishinsu sun kalla, ba su taɓa ganin an taru a kan wasan gwaji haka ba. Sai ta daina dariya, ta ce lambar ta fito sarai, kuma ba su kaɗai suka gani ba. Na roƙe ta. Na ce ta gaya musu a bidiyon nan ga shaida cewa mutane na son wasan, ba abin da suke nema ke nan ba? Na gaya mata yadda aka yi tun daga janareto har kwallar Inna. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce ita ma tana da yayye maza, ta gane sarai, a garinsu ma haka ne. Amma su masu injin ba su san wani abu wai shi babban wa ba. Abin da suka sani, an ce a kulle, ba a kulle ba. Ta ce ta yi iyakar ƙoƙarinta, su ma kamfaninsu da ƙyar suka tsira.

Abin da ke ƙona mini rai har yau, saura gyara ɗaya. Na roƙi a bar ni in aika shi kafin in mayar, suka ce an riga an rufe mini hanya. Na sa akwatin a kwalinsa, na shiga motar haya zuwa Sakkwato, na riƙe shi a cinya har ofishin masu aika kaya. Mai karɓa ya tambaye ni mene ne a ciki, na ce inji ne. Ya ce yana aiki? Na ce ƙwarai.

Daga baya na sa darar a waya, yadda abokaina suka ce tun farko. Wasu sun sauke. Nakan ga mutum a tasha shi kaɗai, kai a sunkuye, abin ji a kunne, Kawu na yi masa tsiya ba mai taya shi dariya. Na nuna wa Kawu, ya juya wayar ya duba bayanta ya miƙo mini, ya ce in zo mu yi ta ƙasa.

Mun daɗe ba ma doguwar magana da Yaya, gaisuwa kawai. Bai ba ni haƙuri ba, ban kuma sa ran zai ba ni ba, wa ba ya ba ƙane haƙuri da baki a gidanmu. Matarsa ce ta gaya mini samari sun dame shi da tambayar dara, har ya daina zama a shagon da yamma.

Wata Juma'a bayan an sauko sai ga shi a Bodinga. Ya gaida Inna daga bakin ƙofa, ta amsa tana kallon randa. Ya zo ya same ni a ƙofar ɗakina, ya zaro wani abu daga aljihu a naɗe cikin leda ya ajiye mini a hannu. Kwaɗo ne, sabo fil, ƙato, irin wanda ake sa wa rumbun albasa, ya ninka nawa. Makullansa biyu a jiki.

"Wanga ba a fasa shi," ya ce. "Riƙe duka biyun."

Bai jira na ce komai ba ya juya ya fita. Na dubi kwaɗon, na dubi cikin ɗakin. Katifa ce, da fanka, da teburin da har yanzu akwai shatin inda akwatin ya zauna. Na cire tsohon kwaɗon na maƙala sabon, na danna ya rufe da ƙara.

Da na juyo, Inna na tsaye a tsakar gida tana kallona. Ta buɗe murfin kwallarta. Na zare makulli ɗaya na kai mata.